Yadda Aka Raba Adakar Kakanmu

A cikin ɗaliban Arewa da muka zauna Manchester tare a shekarun dubu biyu da 'yan kai, ni kaɗai ne ba na son a tambaye ni abin da nake karantawa. Wannan injiniya, wancan likita, wani yana binciken sauro, kowa ya faɗi nasa sai a gyaɗa kai a ce Allah Ya ba da sa'a. Idan aka zo kaina sai in ce tarihi, in yi maza in kai loma baki. Akwai wani Bazazzagi mai karatun haɗa magunguna da ya ɗauki tona mini asiri tamkar aikin lada. Duk Juma'a bayan an sauko, muna bakin masallaci ana gaisawa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku ba Fada hanya, zai koma monastery, kar ya yi missing ɗin bus." A yi ta dariya har da ni, amma a raina ina ji kamar in shaƙe shi.

Gaskiyarsa ce kuwa. Gidajen zuhudu na Kiristocin Ingila nake bincike a kai, na zamanin da ƙasar take rarrabe a hannun ƙananan sarakuna, shekara dubu da ɗoriya da suka wuce. Gidan zuhudu wuri ne da maza ko mata suke shiga su bar aure, su bar dukiya, su zauna ibada har mutuwa ta zo. Kafin in zo iyakar abin da na sani ke nan. Da na nutsa cikin takardunsu sai na tarar rabin mulkin ƙasar a gidajen nan ake yin sa. Yawancin sarakunan ba su iya rubutu ba, 'yan zuhudu ke rubuta musu. Idan sarki ya yi kyautar ƙasa, su ke zana iyakarta, daga rafin kaza zuwa tsohuwar bishiyar kaza, su kuma adana takardar. Shugaban gidan yana zama a majalisar sarki. 'Ya'yan manya a can suke koyon karatu, matafiyi a can yake sauka, mara lafiya a can ake jinyarsa, sarki ma idan ya fito rangadi can yake yada zango shi da jama'arsa su lashe musu rumbu. Matar sarki idan mijinta ya mutu takan shiga ta zama shugabar gida, har a riƙa zuwa neman shawararta. An ɗauke musu yawancin hidimar sarki, ban da gyaran gada, gyaran ganuwa, da ba da mutane idan yaƙi ya tashi. Wasu masu hannu da shuni da suka hango garaɓasa sai suka laƙaba wa gidajensu sunan gidan zuhudu don a ɗauke musu hidimar, alhali suna ciki da matansu da 'ya'yansu suna cin duniya. Ranar da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu, don na san irinsu a gida.

Abin da ban taɓa gaya wa Bazazzagin nan ba shi ne, wata adaka ce ta kawo ni Ingila.

Kakanmu limamin garinmu ne, kuma shi ke rubuta wa hakimi wasiƙu, kamar yadda ubansa ya yi kafinsa. Duk abin da suka rubuta da abin da aka rubuto musu yana cikin wata tsohuwar adakar ƙarfe a ɗakin mahaifina. Akwai littattafan fiƙihu da na nahawu, rubutun hannu, kowanne cikin gafakarsa ta fata, gefen shafukan cike da ajamin Kaka. Akwai wasiƙu tsakanin hakimi da sarki, da hukunce-hukuncen iyakar gona, da wata warƙa da aka jera shekarun yunwa da na annoba. Mahaifina yakan buɗe ta sau ɗaya a shekara, bayan damina, ya shanya takardun a inuwa su sha iska. A ƙasan adakar, naɗe cikin farin ƙyalle, akwai takardar hurumi mai ɗauke da hatimin sarki: an ba kakan mahaifina gona kaza, ba haraji a kanta, ba aikin gayya, don ya ciyar da masu karatu da baƙi, ya kuma riƙa yi wa ƙasa addu'a. Ranar da na fara cin karo da irin wannan takarda ta Turawan da, ina ƙaramin malami a jami'armu ta gida, sai na ga kamar tamu ce aka juya. Sarki ya ba da ƙasa, an ɗauke hidima, a yi karatu, a ciyar da baƙo, a yi wa sarki addu'a. Na ce lallai sai na je na ga yadda nasu ya kai har yau.

Amsar ba ta da wuya, ni ne dai na ɗauki shekara guda kafin in gan ta. Mai duba aikina wata tsohuwar Baturiya ce siririya, kullum da kofin shayin da ya huce a gabanta. Wata rana ina ba ta labarin adakar, baki har kunne, sai ta tambaye ni wa zai gaje ta. Na ce dukanmu. Ta cire tabarau ta dube ni. A bas ɗin da ke mayar da ni unguwarmu ta Moss Side na gane abin da kallonta yake nufi. Gidan zuhudu ba ya haihuwa, saboda haka ba shi da magada. Shugaba ya mutu a naɗa wani, ƙasa tana nan, akwatin takardu yana nan. Mu kuwa duk sanda babba ya faɗi sai an baje abin da ya bari a kan tabarma.

A hunturun shekarata ta biyu aka bugo mini waya da safe, ina ɗaura wa ƙaramar 'yarmu takalmin makaranta, aka ce mahaifina ya cika. Fasfona yana wurin sabunta biza, ba halin tafiya. Na zauna a ɗakin nan namu mai warin danshi, 'yan uwa ɗalibai da maƙwabtanmu mutanen Gana suna shigowa gaisuwa, ina amsawa kamar wani aka yi wa rasuwar. Har Bazazzagin ya zo, ya zauna kusa da ni tun hantsi har la'asar, bai yi tsokana ko ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai Yayana ya kira ni. Ya ce in sani adakar nan ba ta mahaifinmu ba ce. Gadon Kaka ce da ba a raba ba, kwarjinin mahaifinmu ne ya hana kowa buɗe baki. Yanzu 'ya'yan gwaggonninmu sun yi magana, kuma suna da hakki. An tsayar za a raba bayan arba'in.

Na ce, "Yaya, ta yaya za a raba? Littafi nawa ne, mutum nawa ne?"

Ya ce, "Yadda aka saba. Tuli-tuli."

Na san abin da ake nufi. Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake, an ɗora wannan kan wannan. Idan magada sun fi littattafai yawa, ko wani littafin ya fi wani kauri, sai a zare su daga gafaka a yi tuli daidai da daidai. Farkon littafi ya tafi gidan wannan, tsakiyarsa gidan wancan. Ba mugunta ba ce, adalci ake nema, kuma yawancin magadan albarkar rubutun suke so, ba karanta shi za su yi ba.

Yaya ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Magana tana hannun Baffa na Birmingham, shi ne babba yanzu. In ya ce a bari, ba wanda zai ɗaga murya. Ga shi nan kusa da kai."

Baffa ƙanen mahaifina ne, uba ɗaya. A Kumasi aka haife shi, lokacin da Kaka ya bi fataken goro ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a zango, ya yi aure, daga baya ya komo gida ya bar matar da ɗan a can. Baffa ya shigo Ingila da ƙuruciyarsa, ya yi aikin masana'antar ƙarfe, ya koma tuƙin bas har ya yi ritaya. Yana zaune a Ladywood, hawa na tara a wani dogon bene na hukumar gari. Matarsa ta rasu, 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce ke kula da shi. Sau biyu na taɓa zuwa gaishe shi, duka da Sallah.

Matata ta fi ni sanin mutane, wannan ko a gabanta ina faɗa. Ranar Asabar da zan tafi ta haɗa mini turare da dabino, ta tsaya a bakin ƙofa tana yi mini huɗuba. "Ka zauna a ƙasa. Kar ka fara maganar, ka bari ya kawo ta da kansa. In ya kawo, ka ce wakafi, a bar wa zuriya don Allah, ka ja bakinka ka yi shiru. Kai matsalarka in ka fara lecture ba ka da birki." Sai ta hango ina cusa wata jakar takardu cikin kayana. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Karatu zan yi a bas."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa yara idan sun ce sun wanke hannu.

Ana yayyafi na isa. 'Yar Baffa ta buɗe mini ƙofa, ta juya ta ƙwala kira da Turancin nan nasu na Birmingham mai fita ta hanci, "Dad, your nephew's here." Na same shi a kan kujera kusa da na'urar ɗumama ɗaki, da hular sanyi a kansa, ya rame ƙwarai. Na durƙusa, muka yi wa juna gaisuwar rashi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi karatu, ya yi ƙorafin likitansa da ƙafafunsa da lif ɗin benen da ba ya rabo da lalacewa. Aka kawo shinkafa da wake da baƙin yajin nan na mutanen Gana, muka ci. Azahar ta yi, ya ce in ja mu salla tunda ni ɗan liman ne jikan liman. Duk wannan ban ce uffan a kan adaka ba, har ina yaba wa kaina.

Muna zaune a ƙasa bayan salla, sallayarsa tana shimfiɗe, carbi a hannunsa, sai ya ce, "Yayanka ya yi mini phone a kan takardun nan."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya ce, "Ka san sau nawa na ga ubana? Sau uku. Ba ni da ko allonsa. Ku kun tashi a zaurensa, kuna shaƙar littattafansa, ni sai labari. Da aka ce za a raba na ce alhamdu lillahi, ni ma yarana za su riƙe wani abu na kakansu." Ya ja carbi kaɗan. "To amma na kwana ina tunani. Littafi ba saniya ba ce da za a yi watanda da shi. In an yaga, ba mai amfana. Na ce ko a bar su wuri ɗaya, a yi wakafi, duk wanda ya je gida ya gani. Ko ya ka gani?"

Ka ji fa. Abin da na taso tun daga Manchester nema, ga shi an miƙo mini ban ko roƙa ba. Abin da ya rage mini shi ne in sunkuyar da kai in ce Allah Ya ƙara girma, Allah Ya saka da alheri, in sha shayina in kama hanyar tasha. Ko yaron goye ya san haka. Amma ni malamin jami'a ne, kuma shekara biyu ke nan ina ɗauke da wani ilimi a ciki da ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurara, sai dai a yi mini dariya a bakin masallaci. Ga dattijo ya faɗi daidai abin da bincikena ya gano. Daɗi ya kwashe ni. Na jawo jakar.

Na ce, "Baffa, wallahi abin da ka faɗa shi ne research ɗina gaba ɗaya. Bari ka gani."

Na zaro hoton wata takardar kyautar ƙasa, babba, na shimfiɗa ta a kan kafet, gefenta yana taɓa sallayarsa. Na shiga bayani. Ga sunan sarki nan, ga iyakar ƙasar, ga inda aka ce har abada. Na ce takardar nan ta fi shekara dubu, kuma abin da ya sa ta kai yau shi ne gidan da aka ba ba ya rabon gado. Na ce kamar huruminmu ce sak. Baffa ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya sunkuya. Ba ya karanta Latin, don haka bai tsaya kan rubutun ba, idonsa ya gangara ƙasa inda shaidu suke. A irin waɗannan takardu kowane shaida, daga sarki har ƙaramin bafade, ana zana gicciye a gaban sunansa. Sun jeru reras tun daga tsakiyar shafi har ƙasa. Ni na daɗe da daina ganinsu, a idona sa hannu ne kawai.

Ya ɗora yatsa kusa da su, bai taɓa ba. Ya ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Shaidu ne, Baffa, signature ɗinsu ke nan."

Ya ce, "Na ce waɗannan fa."

Na ce, "Gicciye ne."

A nan ma da na yi shiru wataƙila da an tsira. Sai na ƙara wuta. Na ce ai monks ne, masu zuhudu, su suka riƙe wa sarakunansu rubutu da tarihi, kuma irin tsarinsu nake so mu yi wa adakar Kaka. Na ce har library ɗin uni za su iya taimakawa, suna da na'urar ɗaukar hoto, suna da masu gyaran tsohuwar takarda. Ina cikin zuba na ga ya sa hannu ya janye gefen sallayarsa daga jikin takardar, ya naɗe ta a hankali ya ɗora a cinyarsa. Sai a lokacin na ji muryata ita kaɗai a ɗakin.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Shekara arba'in ina ƙasar nan. Na tuƙa bus an zage ni, an tofa mini yawu, ban bar salla ba. Yarana huɗu, biyu ke salla. Babban in na yi masa Hausa da English yake amsa mini. Kullum ina cewa ba komai, can gida akwai waɗanda suka riƙe. Kai da ka tashi a gaban Yayana mahaifinka, na ba ka limanci yanzun nan. Ashe wakafin ma a wurin fada-fada ka koyo shi."

Na ce, "Baffa, ba haka nake nufi ba."

Ya ce, "Na san abin da kake nufi, na ga museum ɗinsu. Yau a tara wuri ɗaya, gobe library, jibi rubutun ubana yana cikin glass ana kallo kamar kayan matattu. A'a. Allah ne Ya ce a raba gado, Ya faɗi kason kowa da kansa. Ni na so in yi dabara, ka zo ka tunatar da ni. A raba."

Na roƙe shi. Na ce ya manta da duk abin da na faɗa, ya koma kan maganarsa ta farko. Na ce to ko jinkiri a yi har fasfona ya fito, in je in ɗauki hotonsu kafin a raba. Ya ce in an ba ni rabona in ɗauki hotonsa yadda na ga dama. Sannan ya kira 'yarsa ya ce ta zuba abinci a roba in kai wa iyali. Ya dogara sanda ya raka ni har bakin lif, ya sa mini albarka, ya ce in gaida yara. Wannan karamcin ya fi komai ƙona mini rai.

Da na shiga gida matata ta dubi fuskata, ta dubi jakar. Ta ce, "Ka buɗe ta."

Na ce, "Na buɗe."

Ta karɓi robar abincin ta wuce.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na ƙona katin waya ban san iyaka ba ina kiran Yaya, shi kuwa tambaya ɗaya yake maimaitawa, me na je na gaya wa Baffa har ya ce kar a jira ni. Na samu wani dattijo mutumin Kumasi a masallacinmu na Moss Side, abokin Baffa tun suna samari, na roƙe shi ya je. Ya je, aka karrama shi, ya dawo ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Fasfona ya fito mako biyu bayan an gama.

Yaya ya ba ni labarin yadda aka yi. An shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kira wani tsohon malami ya tsaya a kai. Aka zazzage gafakoki, aka yi tuli ana gwada tsayi da yatsu, namiji biyu mace ɗaya. Tulin mahaifinmu aka sake kasa shi tsakaninmu. Takardar hurumi ba ta rabuwa, sai aka ce a ba Baffa don girmansa, kowa ya ce ya yi daidai. Adakar kanta wata gwaggonmu ta ɗauka tana zuba zannuwa.

Wani sabon ɗalibi da ya taso daga Kano ya kawo mini nawa a cikin ambulan, a jaka ɗaya da kuka da daddawar da surukata ta aiko, har takardun sun ɗauki warin. Warƙa goma sha ɗaya. Tara daga tsakiyar wani littafin fiƙihu, babin tsarki ya ƙare, na salla bai kai ko'ina ba. Sai rabin wata wasiƙa da ba a san wa ya rubuta wa wa ba, da warƙa ɗaya ta shari'ar iyakar gona, an kawo shaidu, hukuncin yana wani gida.

Na kai wa mai duba aikina ta gani. Ta wanke hannu kafin ta taɓa, ta daɗe tana kallon ajamin Kaka da ba ta iya karantawa. Don ta sanyaya mini rai sai ta ce ai nasu ma ba su dawwama ba. Maharan teku sun ƙone wasu gidajen, daga baya can wani sarki ya rufe su duka ya kwashe ƙasarsu, aka yayyaga littattafai ana naɗe kaya da su. Ta ce abin da muke karantawa yau ɗan abin da ya kuɓuta ne. Na gode mata, amma bai sanyaya mini komai ba. Nasu sai da aka yi yaƙi da sarauta kafin a watsa su. Namu ni kaɗai na isa, da jaka ɗaya da bakina.

Na ci gaba da zuwa Ladywood kowace Sallah. Baffa yana karɓata da fara'a, muna cin abinci, amma bai sake ba ni limanci ba, bai kuma taɓa nuna mini takardar hurumin ba. Na san dai tana cikin gafakar Alƙur'aninsa, don na taɓa hango gefen farin ƙyallen. Na ce a raina ko ba komai ita tana nan, wata rana zai huce.

A shekarata ta ƙarshe ya rasu. Na je jana'iza, na zauna zaman makoki, gafakar tana kan kanta ina kallonta. Kunya ta hana ni magana. A wurinmu wanda ya tambayi kayan mamaci ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, an gama da shi. Na ce sai bayan arba'in. Ban san cewa a ƙasar nan gidan hukuma ba ya jiran arba'in ba.

Da na koma gidansa, na tarar an kwashe kaya, an yi wa ƙofar sabon fenti. Na nemi 'yarsa a waya, muka haɗu a bakin asibitin da take aiki. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga tambayar. Ta ce, "Oh, Dad's Arabic papers." Sannan ta koma Hausarta mai tsami don ta girmama ni. Ta ce council sun ba su 'yan makonni su kwashe kaya daga flat. Ba wanda ya iya karanta takardun a cikinsu, kuma ba su so su zuba a bin ɗin shara, tunda akwai sunan Allah a jiki. Sai babban wansu, wanda ba ya sallar nan, ya ce shi ya san abin da Dad zai so. Ya saya farin yadi ya naɗe su duka, ya kai masallaci da hannunsa.

Na je masallacin. Mai kula da shi ya nuna mini kwalin da ake tara tsofaffin Alƙur'anai da suka yage da duk takarda mai sunan Allah. Idan ya cika sai a kai maƙabarta a haƙa rami a binne, don kar a wulaƙanta su. Kwalin da na gani sabo ne, ko rabi bai kai ba. Ya ce na baya an kai shi tun makon jiya. Na tambaye shi ko zai gane wurin. Ya dube ni da tausayi, ya ce ba sa sa alama.

Na tsaya a bakin titi ana ruwa, ina neman wanda zan ji haushi, ban samu ba. Yaran sun yi abin da ya dace, masallaci ya yi abin da ya dace. Baffa ma da ayar Allah ya kafa hujja.

Na gama digirin. Kundin yana nan a kan kanta, shafi ɗari uku da wani abu a kan yadda gidajen zuhudu suka adana wa sarakunan Ingila takardunsu, an ce ya yi kyau. Na dawo gida ina koyarwa. Warƙoƙin nan goma sha ɗaya suna cikin akwatina, kuma ina da 'ya'ya biyar, uku maza biyu mata, wani lokaci sai in kama kaina ina lissafin yadda za a kasa su.

A zamanin da, masu rubutu ba sa sa lamba a shafi. A ƙasan kowace warƙa, can gefen hagu, sukan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in iska ta watsa littafi a iya mayar da shi. Warƙata ta ƙarshe ma tana da tata, da tawadar Kaka, ƙarama, a karkace. Na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ina neman warƙar da ta fara da kalmar nan. Wasu sun ɗinke nasu cikin laya, wasu gara ta ci, wasu sun ce ba su san inda suka ajiye ba. Yaya ya ce in daina wahalar da kaina, yana jin a tulin Baffa ta faɗa.